Mai Gadin Wasiƙu

A saman shagon Alhaji Sammani, cikin Kantin Kwari,
akwai ɗakin da ba ya cin mutum uku.
Nan uwar garke take, baƙar akwati mai gurnani,
fanka na yi mata fifita, ni ina sharce gumi.

Ba sha'awa ce ta hawo da ni benen nan ba.
Bara waccan, wata Laraba,
wasiƙa ta taso daga mai aiko mana shadda,
wani ya tare ta a hanya, ya sauya lambar asusu,
ya sake ta kamar ba a taɓa ba.
Kuɗin dila arba'in suka bi ruwa.
Alhaji bai ɗaga murya ba.
Ya cire hula, ya daɗe yana kallon cikinta,
ya ce, Tasi'u, ashe wasiƙarmu tsirara take yawo?

Tun ran nan nake ɗinka mata riga.

Yanzu in baƙuwar na'ura ta yi sallama daga nesa
tawa ba ta sakin baki.
Sai an nuna takardar shaida, an duba hatimi,
an yi musabaha, hannu cikin hannu, a lulluɓe,
irin ta dillalan da ba sa son a ji farashi.
Sannan su ƙulla zaurancen da su biyu suka iya,
na yau daban, na gobe daban.
Mai laɓe ya kasa kunne har ya gaji,
tsakuwa zai tsinta, ba tsaba ba.

Garin nan an san shi da ƙofofi.
Ita ma tana da nata, dubbai.
Na toshe su, na bar uku,
kowacce da mai tambaya: wa ya aiko ka?

Da asuba nakan karanta sunayen masu ƙwanƙwasawa.
Wani, daga ƙasar da ban taɓa jin yarenta ba,
ya gwada kalmar sirri sau dubu huɗu kafin assalatu.
Ya gwada ɗaya biyu uku, ya gwada sunan shago.
Sai in tuna Malama Zinatu, akantarmu,
da ta kulle akwatinta da sunan autanta.
Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba
don na sa ta sauya.

Takardar shaida kwana casa'in gare ta, sai ta mutu.
Sau ɗaya na sha'afa,
ranar sunan 'yata, rago rabi a feɗe.
Waya ta yi ƙara: wasiƙu sun tsaya cak a bakin ƙofa.
Na tari adaidaita sahu da jini a hannun riga,
cunkoson Ƙofar Wambai ya cinye min awa guda.
Ko da na dawo an raba nama,
an raɗa suna, ni a bakin wasu na ji shi.

Wuta kuwa, kun san halinta.
Ta tafi, batir ya karɓa; ya gaza, janareta ya yi tari.
Kwafin komai na kwana a Tarauni, gidan yayata,
saboda gobara ba ta sallama a kasuwa.

Ba mai yi min sannu.
In aikina ya yi kyau, ba abin da ke faruwa,
kuma wa ke gode wa abin da bai faru ba?

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Alhaji ba.
Duk makullan nan a aljihuna suke.
Wasiƙar bashi, ta neman aure, ta sakamakon asibiti,
in na so, kafin shayi ya huce na karanta.
Babu zaurancen da zai tsare su daga gare ni.
Nan lissafin na'ura ya ƙare,
saura abin da Inna ta ce
ranar da ta aike ni da ƙullin kuɗi Yakasai:
ka kai, kar ka kwance.

Sai in kashe fitila, in bar mata fanka,
in sauka matakala ina lalube.